Man Shanun Uwar Labbo

Saura kwana tara watan azumi ya tsaya, kuma kwana taran nan su ne suka rage wa Raihanatu.

Mahaifinta, Alhaji Maikano mai manyan motoci, shi ya ɗibar mata wa'adin a tsakar gida, a gaban uwarta Hajiya Kande. Bai ɗaga murya ba, don shi ba mai hayaniya ba ne.

"Ba ni yi miki tilas, Raihanatu, ban taɓa yi ma ɗiya tilas ba. Amma shekara biyu yaron ga shina zaman zaurena, ko tsohuwa guda daga danginshi ba ta leƙo tac ce muna so ba. In azumi ya kama ba su zo ba, ya bar taka mani zaure. Ga iyayen Mustapha nan, sau uku suna aiko mani."

Duk unguwar an san abin da ya hana dangin Labbo zuwa. Labbo Bafulatani ne, rugarsu na wajen Bazaga, shi ke kawo shanu kasuwar Konni ran Laraba. Ubansa ya rasu. Kawunnansa sun ce ba su ƙi ba, amma ba za su taka ƙafa ba sai uwarsa ta buɗe baki. Ita kuwa Inna Hajara ta kafe. Ta ce ɗanta na fari ba zai kawo mata 'yar birni ba, wadda ba ta san tatsa ba, ba ta san kaɗa nono ba, aikinta kawai wasa da gari da sukari.

Wannan wasa da gari da sukari shi ne gato, wato kek.

Tun Raihanatu na lakwal, wato makarantar boko, ta koya wurin matar wani malaminsu, 'yar ƙasar Togo, da suka yi maƙwabtaka. Matar ta tashi, hannun ya zauna wa Raihanatu. Ba ta da murhun Turawa. Ƙatuwar tukunyar ƙarfe take zuba wa rairayi, ta ɗora gwangwanin ƙullu a kai, ta rufe, garwashi a ƙasa, garwashi a kan murfi. Sukari kuwa a turmi take daka shi, ta tankaɗe da ƙyalle har ya yi laushi. Ta ƙulla kirim a leda, ta yanke bakin ledar ɗan mitsitsi, ta zauna tana zana furanni, harshe a waje, ko kiranta aka yi ba ta ji.

Shekara da shekaru kyauta take yi. Suna, sauka, buki, a zo a ce Raihanatu a taimaka, a ci a suɗe yatsa, a ce Allah shi yi albarka. Sai bana wata ungozoma daga Malbaza ta ci gatonta a wani suna, ta nemo gidan da ƙafarta. Za ta aurar da 'yarta ran Juma'a, tana son gato mai hawa uku, kuma ta ce aiki ne, ba roƙo ba. Ta ƙara da cewa in ya yi kyau, matan ma'aikata na can da yawa, duk za su san hanyar gidan.

Ranar nan Raihanatu ko abincin kirki ba ta ci ba don murna.

Mustapha ma ya ji labari. Ba mugun mutum ba ne, a faɗi gaskiya, ɗan masu shagunan atamfa ne, ga kyau ga ƙamshi. Ya aiko ƙanwarsa ta ce zai sayo mata murhun gas daga Sakkwato ta huta da hayaƙi. Amma fa ta sani, in ya aure ta gaton na ci ne a gida, matarsa ba za ta sayar da abinci ba.

Raihanatu ta ce a gaishe shi da kyau, hayaƙin bai dame ta ba.

Ran Laraba da la'asar, bayan kasuwa ta fara watsewa, Labbo ya yi sallama a zaure. Dogo ne, siriri, mai ƙarancin magana. Yau kuwa sai murmushi yake, yana riƙe da wani abu a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu.

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta zauna nesa kaɗan. Ya warware buhun. Ƙwarya ce mai zane, cike da curin man shanu, fari tas, sabon kaɗi.

"Ranar nan kinka ce man gwangwani na bar ma mutum maiƙo ga ganɗa," in ji shi. "Kinka ce matar da ta koya miki da man shanu na gaske take yi. To ga shi."

Raihanatu ta kalli man, ta kalle shi, idonta ya cika.

"Duk wanga nawa na?"

"Naki na. Shanuna na anka tatsa."

Ta yi godiya har ya ji kunya. Ita 'yar birni ce, a ganinta mai saniya shi ne mai nono, shi ne mai man. Ko kusa bai faɗo mata a rai ta tambayi wanda ya ba shi ba. Shi kuma gogan bai faɗa ba.

Murnar ba ta daɗe ba, maganar da ke cin su ta taso.

"Labbo, saura kwana tara."

"Na sani."

"Ka sani, to mi kake jira? Ni na gaji da kallon da mata ke yi mani gidan buki. Jiya Mama na kuka, ta ɓoye don kar in gani. Baba bai ƙi ka ba, wulakancin na bai so. In innarka ba ta so na, ka hwaɗa mani gaskiya in san inda zan sa kaina."

Hawaye ya zubo mata, ta sa bakin mayafi ta share, wani ya biyo.

Labbo ya sunkuyar da kai yana tona tabarma da ɗan yatsa.

"Na yi mata magana har bakina ya gaji. Na tura kawuna, na tura gwaggo. Ba ta san ki ba, Raihanatu, abin ke nan. Ita tac ce duk macen da ba ta san darajar ƙwarya ba, ba ta iya riƙe gida. Ni kuwa ba ni iya tsallake ta. Ita ta riƙe mu da nonon ga tun da babanmu ya rasu."

"To ni ƙaƙa zan yi? In je in koyi tatsa cikin kwana tara?"

"Ki yi haƙuri. In ba ke ba, wallahi ba ni aure. Shanun ma su tahi."

"Shanu ba su yi maka laihin komi ba," ta ce, tana dariya tana kuka.

Haka suka rabu, ba su warware komai ba. Ta ɗauki ƙwaryar ta kai gindin randa ta ajiye.

Ran Alhamis tun da sanyin safiya ta gasa hawa ukun, suka fito lafiya lau, gida ya ɗauki ƙamshi. Ta jera su a faifai suna hucewa. Daga nan ta zauna ƙarƙashin rumfa, ta ɗebo man ta zuba a kwano, ta zuba dakakken sukari, ta shiga bugawa da cokali.

Da fari abin ya yi kamar zai haɗu. Can sai ya tsinke. Ruwa-ruwa ya fito gefe, man ya yi gudaji-gudaji. Ta ɗanɗana, ta ji tsami. Ta ƙara sukari, ta sa hannu ta murza, ya ƙara lalacewa. Rana na ɗagawa, rumfa na ɗaukar zafi, gobe da hantsi motar Malbaza za ta zo.

Zufa ta karyo mata. Wannan shi ne aikinta na farko da aka ba ta da sunan sana'a, ga shi yana narkewa a kwano.

Tana cikin haka aka yi sallama, irin sallamar da ba ta jiran amsa.

Wata dattijuwa ce ta shigo, doguwa, fara, da zane baƙi na saƙi, ƙafafunta duk ƙurar hanya. Raihanatu ba ta taɓa ganinta ba, amma hancin nan da goshin nan ta san su. Na Labbo ne.

Hajiya Kande ta fito daga ɗaki tana maraba. Baƙuwar ta amsa a taƙaice, idonta na yawo a tsakar gida, har ya sauka gindin randa.

"Ga ta can," in ji ta. "Ƙwaryata."

Ta juyo ga Raihanatu.

"Ke ta mai gato?"

Raihanatu ta durƙusa har ƙasa. "Ni ta, Inna. Sannu da hanya."

"Riƙe sannunki. Ke kinka sa wancan yaron ya sa hannu cikin ƙoraina?"

Ba ta faɗi sunan Labbo ba, don ɗan fari ne, ko cikin fushi bakinta ba ya kama sunansa.

"Inna, kyauta yak kawo mani. Yac ce shanunshi na."

"Shanunshi na, wa yac ce ba nashi ba? Ya kai su kasuwa ya saida duka, ba ni cewa uffan. Amma nono in ya shiga ƙwarya ya zama na mace. Ubanshi shekara ashirin da biyat muna tare, bai taɓa ɗaga faifan ƙwaryata ya leƙa ba. Yau ga ɗana ya jira na tahi rijiya, ya shiga kamar ɓarawo. Matan ruga duk sun ji. Kin san man wa na? Ƙanwarshi ta haihu, kwana huɗu yau. Kwana shidda nike tara mata na jego."



Raihanatu ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Kuka ya ƙwace mata.

"Wallahi Inna ban sani ba. Da na sani ko taɓa shi ba ni yi. Ban aike shi ba, magana ɗai niy yi, nic ce man gwangwani bai da daɗi. Ki yahe mani. Rabin na nan ban taɓa ba, ki kai ma mai jego. Wanda na ɓata, ki hwaɗi abin da zan yi."

"Ban sani ba," Inna Hajara ta maimaita. "Shi na abin da nike hwaɗa mashi kullum. Ba ki sani ba."



Dattijuwar ta je ta sunkuya ta ɗauki ƙwaryarta, ta rufe da faifai, ta ɗora a kai. Ta juya za ta fita. Hanyar fita kuwa ta gaban rumfa ta bi, dole idonta ya faɗa cikin kwanon nan.

Ta tsaya.

Ta yi taku ɗaya, ta sake tsayawa. Kowa da abin da zuciyarsa ba ta iya ɗauka. Inna Hajara tana iya tafiya ta bar yarinya na kuka, amma ta ga man da ta kaɗa da hannunta an mayar da shi haka, wannan ya fi ƙarfinta.

"Mi na wanga?"

"Kirim na, Inna. Shi ake shahwa ma gaton. Ya ƙi haɗuwa."

"Kin wanke shi?"

Raihanatu ta ɗago jajayen idanu. "Ana wanke mai?"

Inna Hajara ta rufe ido ta yi salati a hankali. Ta sauke ƙwaryar daga kanta.

"Ana wanke mai, wai. Nono na cikinshi, ƙaƙa ba shi tsami? Kuma da hannu kike murza shi, cikin zahin ga? Mai bai son ɗumin hannu. Tashi ki kawo mani ruwan randa, na can ƙasa mai sanyi. Da ludayi. Ki ɗauke mani kwanon ƙarhen ga, ki kawo ƙwarya."

Raihanatu ta tashi da gudu har tana tuntuɓe.

Dattijuwar ta zauna a kan turmi, ta gutsuro curi biyu daga nata rabin, ta jefa cikin ruwan sanyi. Da bayan ludayi take danna man, ta naɗe, ta danna. Ruwan ya yi fari, ta tsiyaye, aka zuba sabo. Sau huɗu, sai da ruwan ya fito garau. Ta matse man a gefen ƙwarya har ɗigo ya daina fita, ta sa aka jiƙa buhu aka naɗe gindin ƙwaryar.

"Ɗanɗana."

Raihanatu ta lakata. Babu tsami ko kaɗan, sai garɗi.

"To yi abin naki in gani."

Ta fara zuba sukari kaɗan-kaɗan tana bugawa da ludayi. Man ya karɓa. Ya yi fari, ya tashi, ya yi laushi, ta ɗaga ludayin ya tsaya cak bai zuba ba. Tun da take gato ba ta taɓa samun kirim irin wannan ba.

Ta ɗora hawa na farko a kan faranti, ta shafe shi da wuƙa har ya yi sumul. Ta ɗebi kirim kaɗan ta ɗiga masa ruwan zoɓo, ya yi ja-ja mai haske. Ta ƙulla a leda, ta yanke baki. Daga nan kuma ta manta da wanda ke zaune. Harshe ya fito. Ta bi gefen gaton da layi, ta dawo ta gicciye shi, ta sa ɗigo a tsakanin kowane gicciye, ba wanda ya fi wani girma.

Inna Hajara ta matso da turmin.

"Wa ya auna miki tsakaninsu?"

"Ido na, Inna."

"Hm."

Ta daɗe tana kallo. Ita ma mai zanen ƙwarya ce, ta san abin da ake nufi da hannu ya bi da'ira ya dawo inda ya fara ba tare da layi ya karkace ba.

"Tun yaushe kike tsaye kan aikin ga?"

"Tun asuba."

"Kuma saidawa za ki yi? Naki na kanki?"

"In Allah ya yarda. Wanga na na hwarko. In ya yi kyau, wasu na zuwa."

"In mijinki ya hana fa?"

Raihanatu ta ce a hankali, "An yi mani tayin murhun gas in bar saidawa. Ban karɓa ba."

Dattijuwar ta miƙe, ta rufe sauran man mai jego, ta ɗora a kai.

"In kina son mai, ga mata ake saye. Ran Laraba ina bakin kasuwa, wajen masu nono. Kar ki ƙara karɓa ga hannun namiji."

"To, Inna. Na gode, Allah shi saka."

Akwai ɗan ƙaramin gato da Raihanatu ta gasa da ragowar ƙullu. Ta yi maza ta shafa masa kirim, ta yanko, ta ɗora a faranti, ta durƙusa ta miƙa da hannu biyu.

"Inna, ki ɗanɗana. Manki na."

Inna Hajara ta kalli farantin, ta kawar da kai.

"A'a."

"Ko loma guda, Inna."

"Na ƙoshi."

Hajiya Kande ta kawo ruwa a moɗa, ta ce ko ruwa ta sha, hanya da nisa, ga rana. Shi ma ta ƙi. Ta ja mayafi ta rufe baki ta nufi zaure.

Daidai nan Alhaji Maikano ya shigo daga tasha. Matar da ta shigo gidan ɗazu kai tsaye, tana ganinsa sai ta raɓe jikin bango, ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta juya masa gefe. Ya gaishe ta, ta amsa can ƙasa-ƙasa, ba ta ɗago ido ba. Ta sulale ta fita.

Raihanatu na nan durƙushe da faranti a hannu. Ta ajiye shi a ƙasa ta fashe da kuka mai cin rai. Ta ga matar ta sauko, ta ga ta zauna, har ta fara sa rai. Ashe man kawai ta tausaya wa.

"Wace ta wagga?" in ji Alhaji. "Ke kuma kukan mi kike?"

Hajiya Kande ta ba shi labari tun daga ƙwarya har wankin mai. Ta ƙare da cewa, "Ko ruwan gidanmu ta ƙi sha, Alhaji. Yarinya ta durƙusa ta ba ta gato, ta kau da kai. Ni dai na gaji da wanga wulakanci."

Alhaji ya waiga ya kalli zauren da matar ta bi. Ya shafa gemu.

"Ta ƙi ci, ta ƙi sha?"

"Ƙememe."

"Kuma ta tuɓe takalmi don ta wuce ni."

Sai ya yi 'yar dariya, abin da aka daɗe ba a ji ba a gidan.

"Kande, shekara talatin nike ɗaukar shanun Hulani cikin motocina. Na ci da su bisa hanya, sun ci gidan ga, kin dahwa musu da hannunki. Mai hushi da kai ido take zuba maka, ba ta raɓewa bango. Wuri guda na sani da Bahillata ba ta sa komi bakinta, ko ƙishirwa za ta kashe ta."

Raihanatu ta ɗago kai.

"Ina, Baba?"

"Gidan surukai."

Ya tsallake farantin ya nufi ɗakinsa. A bakin ƙofa ya tsaya yana cire hula.

"A hiddo tabarmin baƙi a wanke, kar su iske mu haka. In na huta zan tahi wajen uban Mustapha da kaina in ba shi haƙuri."

Hajiya Kande ta zauna daɓas a kan turmi tana hamdala.

Daɗi ya cika wa Raihanatu ciki har ta rasa inda za ta sa shi. Ta share fuska da bayan hannu, ta koma rumfa ta ɗauki ledarta, don akwai sauran hawa biyu. Furen farko ya fito a karkace, ta kankare shi da wuƙa tana dariya, ta sake wani.